Sauya sifirin na tiremolo a bayan jitar lantarki: guda nawa ya kamata a saka?

Ɗalibin Jita

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magabata da suka saba da gyaran jitar lantarki. Ina da jita ta hannu mai ƙirar Stratocaster, irin wadda jakinta, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a kansa a jikin jitar, yake ɗaure da sukuru shida a gaba, kuma yana da hannun tiremolo da ake dannawa domin karkaɗa murya. Da na same ta, siraran tsirkiyoyi ne a jikinta, masu lamba 9 zuwa 42, kuma jakin yana zaune kusa da katako ba tare da wata matsala ba. Kwanan nan na sauya su da masu kauri, 11 zuwa 49, saboda ina son murya mai cika, amma tun da na gama ɗaure su sai bayan jakin ya ɗaga sama sosai, tsirkiyoyin suka yi nisa da wuyan jitar har dannawa take wahala, kuma duk lokacin da na saita tsirkiya ɗaya sai sauran su sauka daga inda na bar su.

Na kwance murfin roba da ke bayan jitar, na ga sifirin guda uku, ko da yake akwai gurbin biyar. Na tsakiyar ya yi tsatsa, ɗaya daga cikin na gefe kuma zobbansa sun buɗe fiye da na sauran. Tambayata ita ce, shin sifirin ɗin ne suka gaji har suka kasa riƙe jakin, ko kuwa laifin sababbin tsirkiyoyin ne? Idan sauyawa zan yi, guda ɗaya zan sauya ko dukkansu, kuma uku zan bari ko in cika biyar? Sannan ina son a bayyana mini yadda ake cire su ba tare da na karce fentin jitar ko na tsinke wayar da na gani a liƙe a wurin ba. A garinmu ba a cika samun kayan jita ba, shi ya sa nake tunanin ko sifirin da masu sayar da kayan babur suke da shi zai iya maye gurbinsu. Na gode.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ya faru da jitarka ba lalacewa ba ce, aikin da aka ƙera ta ta yi ne take yi. Wannan tsari na tiremolo, wanda kamfanin Leo Fender ya fito da shi a jikin Stratocaster a shekarar 1954, yana tsaye ne a kan jayayya tsakanin ƙarfi biyu. Tsirkiyoyi shida suna jan jakin ta sama zuwa wajen wuya, sifirin kuma suna jan dunƙulen ƙarfen da ke manne a ƙarƙashin jakin ta cikin ramin baya, jakin kuwa yana lilo a kan gefensa na gaba kamar sikelin mai awo, duk ɓangaren da ya fi nauyi shi ne yake rinjaye. Tsirkiyoyi masu lamba 9 zuwa 42, idan an saita su a muryar da aka saba, jimillar jansu takan kai kimanin kilo 38, masu lamba 10 zuwa 46 kimanin kilo 46, su kuwa 11 zuwa 49 da ka saka sun haura kilo 50. Ka ƙara wa gefe ɗaya nauyin da ya zarce kilo goma, ba ka taɓa ɗaya gefen ba, don haka dole jakin ya ɗaga ko da sifirin ɗinka jiya aka fito da su daga kwali.

Duk da haka, abin da ka faɗa game da wanda zobbansa suka buɗe ya isa dalilin sauyawa. Sifirin na ƙarfe ba ya gajiya don kawai ya daɗe a wurinsa. Abin da ke kashe shi shi ne tsatsa, ko kuma a ja shi ya wuce iyakarsa har ya kasa komawa yadda yake. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka cire su, ka jera su a kan tebur ka ɗaga kowanne wajen haske. Mai lafiya zobbansa suna manne da juna, haske ba ya ratsawa, kuma tsawonsa daidai yake da na 'yan'uwansa. Wanda ka ga tazara a tsakanin zobbansa alhali ba a jan sa, ya gama aiki. Ni dai shawarata ita ce ka sauya dukkansu a lokaci guda da saiti ɗaya daga kamfani ɗaya, domin sifirin na kamfanoni daban-daban ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma idan ka gauraya tsoho da sabo ba za ka san abin da kake aiki da shi ba duk ranar da ka zo gyara saiti.

Ga yadda nake yi a kan teburina. Da farko ina shimfiɗa tawul mai kauri in kifa jitar a kansa bayan na cire hannun tiremolo, sannan in sassauta tsirkiyoyin har su yi laushi, ba tare da na cire su ba. A cikin ramin baya, ta wajen wuya, za ka ga wani faranti na ƙarfe mai ƙugiyoyi biyar, wanda dogayen sukuru biyu suke riƙe da shi a jikin katako. Ka warware waɗannan sukuru biyu da sukudireba mai baki giciye wadda ta cika kan sukurun daidai, kana bin su bi da bi, har sifirin ɗin su saki jiki. Kada ka zare sukurun gaba ɗaya, babu buƙatar hakan. Idan sun saki, kowane sifirin yana da kai biyu: ɗaya zobe ne da ke rataye a ƙugiyar farantin, ɗaya kuma ɗan ƙarfe ne lanƙwasasshe da ke shiga rami a gindin dunƙulen ƙarfen. Ka ɗaga lanƙwasasshen kan daga raminsa da yatsa ko da filaya mai tsinin baki, sai zoben ya fita daga ƙugiya da kansa. Kafin ka sa filaya a wurin, ka rufe bakin ramin da ƙyalle, domin ƙarfe idan ya suɓuce fenti yake fara samu, kuma kada ka kusantar da fuskarka, saboda sifirin da ke ɗaure idan ya kuɓuce yakan yi tsalle da ƙarfi.

Wajen saka sababbi, zoben ake fara ratayawa a ƙugiya, sannan a ja ɗaya kan a danna shi cikin ramin dunƙulen har ya nutse duka. Idan farantin ya matso sosai, da hannu ma za ka iya yin wannan.

Wayar da ka gani kuwa ita ce wayar at, wato wadda ake kira earth da Turanci, an liƙa ta da dalma a jikin farantin, kuma ta nan ne tsirkiyoyi da jaki suke haɗuwa da at na lantarkin jitar. Idan ta tsinke, za ka ji amfilifaya tana ƙugi, kuma ƙugin ba zai ragu ba ko ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyi. Ka lura da ita yayin da farantin yake matsawa, kada ta naɗe a jikin sukuru ko ta shiga tsakanin zobban sifirin.

Batun sifirin na babur, ina roƙonka ka bar shi. Ko da tsawonsa ya yi kama, kaurin ƙarfensa da siffar kawunansa ba ɗaya ba ne, kuma idan lanƙwasasshen kan bai cika ramin dunƙulen ba zai iya fita kana tsakiyar kiɗa. Saitin sifirin na jita ƙaramin kaya ne mai sauƙin aikowa, kuma duk mai gyaran jita yakan tara su daga jikin jitocin da suka mutu.

Malamin Kimiyya Mai Kaɗa Jita

Malam mai gyara ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka da alheri. Ina so in tsaya a kan tambayar uku ko biyar, domin a nan ne na ga mutane da yawa suna ruɗewa, suna ɗauka cewa yawan sifirin shi ne yake tantance inda jaki zai tsaya. Ba haka ba ne. Inda jaki zai tsaya ya dogara ne da jimillar jan da sifirin suke yi, kuma ana iya samun wannan jimilla ɗaya ta hanya biyu: ko dai sifirin uku da aka ja su sosai ta hanyar ɗaure sukurun faranti zuwa ciki, ko kuma sifirin biyar da aka ja su kaɗan. A duka biyun jakin zai tsaya wuri ɗaya. Bambancin yana fitowa ne lokacin da ka motsa shi daga wurin.

Dalilin yana cikin ƙa'idar da Robert Hooke ya bayyana a ƙarni na 17, cewa ƙarfin da sifirin yake mayarwa yana ƙaruwa daidai da yadda aka ƙara jan sa. Idan ka danna hannun tiremolo har dunƙulen ya matsa milimita ɗaya, kowane sifirin da ke wurin ya ƙara buɗewa da milimita ɗaya, saboda haka mai sifirin biyar yana kokawa da ƙarin ƙarfi biyar, mai uku kuma da ƙarin ƙarfi uku kawai. Shi ya sa jita mai sifirin uku hannunta yake da laushi, yana amsa ko da taɓawa kaɗan, mai biyar kuma hannunta yake da tauri. Wannan taurin yana da amfaninsa, wanda ba a cika faɗa ba. Lokacin da ka tura tsirkiya ɗaya gefe da yatsa domin ɗaga muryarta, ka ƙara wa ɓangaren tsirkiyoyi nauyi, jakin ya ɗan sunkuya gaba, sauran biyar ɗin kuma muryarsu ta ɗan sauka. A jita mai sifirin kaɗan wannan saukar takan fito fili, musamman idan kana riƙe da wata tsirkiya tana ƙara a lokacin da kake tura 'yar'uwarta, kuma sai ka tura tsirkiyar da nisa kafin ta kai muryar da kake nema, domin jakin yana biyo ka. A mai sifirin biyar jakin ba ya biyowa sosai. Wannan dai shi ne abin da ɗalibinmu yake gani sa'ad da ya saita tsirkiya ɗaya sauran suka sauka.

Ga tsirkiyoyi 11 zuwa 49, ni huɗu zan zaɓa, biyu a kowane gefe a bar tsakiya, ko da yake uku masu ƙarfi ma za su iya ɗauka idan sukurun faranti suna da sauran wurin shiga. Alamar da ke nuna cewa uku sun gaza ita ce ka ɗaure sukurun har farantin ya kusa taɓa bangon ramin amma jakin bai sauko ba. Alamar da ke nuna cewa biyar sun yi yawa kuma ita ce ka sassauta sukurun har zarensu kaɗan ne ya rage a cikin katako, zobban sifirin ɗin kuma ba su buɗe ba. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin sukurun da bai shiga katako sosai ba zai iya tsigewa, kuma sifirin da bai buɗe ba yakan saki idan aka ja hannun sama, ya yi ƙara ko ya fita daga ƙugiyarsa. Abin da ake so shi ne a ga 'yar tazara tsakanin zobban kowane sifirin sa'ad da jitar take a saite.

Akwai masu jera guda uku a karkace, wato na gefe biyun su taso daga ramukan ƙarshe na dunƙulen su haɗu a ƙugiyoyin da ke kusa da ta tsakiya. Abin da hakan yake yi shi ne ya ƙara wa na gefen tsawon ja, ya ba da ɗan ƙarin ƙarfi ba tare da an ƙara sifirin ba. Ban ga laifinsa ba, amma ban yarda da masu cewa yana gyara muryar jita ba, kuma ga mai koyo jerawa a miƙe ta fi sauƙin fahimta.

Makaɗin Biki

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni ra'ayina ya ɗan bambanta, kuma ina magana ne a matsayin wanda yake kiɗa a fili, a gaban jama'a, inda babu damar tsayawa gyara. Kafin ɗan'uwanmu ya yanke shawarar yawan sifirin, ya kamata ya tambayi kansa ko yana amfani da hannun tiremolo a kiɗansa, kuma idan yana amfani da shi, ƙasa kawai yake danna shi ko yana jan sa sama. Domin jakin da yake lilo a iska, wato wanda bayansa bai zauna a kan katako ba, yana da wata illa babba: ranar da tsirkiya ɗaya ta tsinke kana tsakiyar waƙa, nauyin ɓangaren tsirkiyoyi ya ragu, sifirin su ja jakin baya, sauran biyar ɗin duka muryarsu ta haura a lokaci guda, kuma ba za ka iya ƙarasa waƙar da wannan jitar ba. Wanda ya taɓa ganin haka a taron biki, masu rawa suna tsakiyar fili, ya san abin da nake nufi.

Saboda haka ni ina ɗaure sukurun faranti har bayan jakin ya zauna daram a kan katako, sannan in ƙara ɗan juyi domin kada ya ɗaga idan na tura tsirkiya. A haka hannun yana aiki zuwa ƙasa, amma ba ya zuwa sama, kuma ko tsirkiya ta tsinke jakin ba shi da inda zai koma. Wanda ba ya taɓa hannun kwata-kwata yana iya wuce nan, ya cusa guntun katako tsakanin dunƙulen ƙarfen da bangon ramin ya kashe motsin gaba ɗaya, kamar yadda aka san Eric Clapton yana yi wa jitocinsa. Wanda kuma yake son irin karkaɗa muryar da Jeff Beck ya shahara da ita, sama da ƙasa, dole ne ya bar jakin yana lilo ya kuma karɓi wahalarsa. Duka biyun hanyoyi ne na ƙwararru, sai dai kowa ya duba irin kiɗansa.

Sannan ina so in ja hankali a kan sukurun farantin nan biyu, saboda yanayin ƙasarmu. A hunturu katako yakan bushe ya tsuke, da damina ya sha danshi ya kumbura, kuma katakon jikin jitoci masu araha yana da laushi, don haka ramin sukuru yakan faɗaɗa har sukurun ya riƙa juyawa ba ya kamawa. Idan ka ji haka, ka zare shi, ka shafa gam na kafinta a jikin tsinken sakace biyu ko uku ka cusa su cikin ramin, ka karya abin da ya fito, ka bar shi ya bushe kafin ka mayar da sukurun. Tsatsar da ka gani a sifirin na tsakiya ma danshin damina da gumi ne suka kawo ta. Ka goge sababbin da ƙyalle mai ɗan man keken ɗinki kafin ka saka su, kada dai man ya yi yawa har ya riƙa tara ƙura.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa

Maganar makaɗi gaskiya ce, kuma ga mai koyo zaunar da jaki a kan katako ya fi kwanciyar hankali. Amma idan ƙanena yana son ya bar shi yana lilo, bari in ƙarasa masa yadda ake saitawa, domin saka sifirin shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Kamfanin Fender yana ba da shawarar a bar tazarar kimanin milimita 3 tsakanin bayan jakin da fuskar jitar. Hanyar da yawancin mutane suke bi ita ce su saita tsirkiyoyi, su ga jakin ya ɗaga, su ɗaure sukuru, muryar ta haura, su sake saitawa, jakin ya sake sauka, haka dai har su gaji. Tana kaiwa ga biyan buƙata idan aka yi haƙuri, ana juya sukuru biyun daidai wa daida, rubu'in juyi ko rabi a kowane karo.

Akwai hanya mafi gajarta. Ka sassaƙa ɗan guntun katako mai tsini kamar weji, ka cusa shi a bayan dunƙulen ƙarfen, wato ta gefen da ba sifirin, har tazarar jakin ta kai yadda kake so. Ka bar sifirin a ɗan sake domin tsirkiyoyi su rinjaya su matse katakon a wurinsa. Yanzu jakin ba ya motsi, sai ka ja sababbin tsirkiyoyin da hannu su gama miƙewa, ka saita muryarsu sarai, ka daidaita tsayinsu daga wuya. Bayan haka ka fara ɗaure sukurun faranti a hankali, bi da bi, ba tare da ka taɓa kunnuwan da ake murɗawa domin saita tsirkiya ba. A daidai lokacin da jan sifirin ya yi daidai da jan tsirkiyoyi, katakon zai saki ya zame da kansa, jakin kuma ya tsaya inda ka ajiye shi, muryar tana nan ko kusa da haka.

Idan bayan duk wannan ka danna hannun ka saki, muryar ba ta dawo daidai ba, kada ka zargi sababbin sifirin. Mafi yawan lokuta laifin yana wajen ɗan ƙashin da ke bakin wuya, inda tsirkiyoyi suke ratsawa zuwa kunnuwa. An yanka tsagoginsa ne domin siraran tsirkiyoyi, kai kuma ka saka masu kauri, saboda haka suna maƙalewa a ciki, kuma sau da yawa za ka ji ɗan ƙara siriri yayin da kake murɗa kunne. Ka goga bakin fensir a cikin kowace tsaga, idan bai isa ba sai ka kai wa mai gyara ya faɗaɗa su da zarton da ya dace. Haka nan ka duba sukuru shidan da ke gaban jakin, domin idan an ɗaure su har sun danne farantin jakin ba zai yi lilo cikin sauƙi ba. Kan kowanne ya kamata ya kusanci farantin ba tare da ya matse shi ba, na tsakiya huɗun kuma ana ɗan ɗaga su fiye da na gefe biyun.

Ɗalibin Jita

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara basira. Na samu saitin sifirin daga wajen wani mai gyara, na saka huɗu kamar yadda malamin kimiyya ya ba da shawara, na kuma zaɓi in zaunar da jakin a kan katako tukuna, tunda ƙasa kawai nake danna hannun. Tsirkiyoyin sun sauko kusa da wuya, kuma saita ɗaya ba ya sauke sauran. Abu ɗaya ya rage: idan na bugi tsirkiya da ƙarfi na danne ta nan take, ina jin wani amo siriri yana ci gaba daga bayan jitar, har yana fitowa ta amfilifaya idan na ƙara murya. Shin alama ce ta cewa ban saka wani daidai ba?

Malamin Kimiyya Mai Kaɗa Jita

Ba kuskure ba ne, ɗan'uwa, sifirin ɗin ne suke karkarwa tare da jikin jitar, kuma sababbi sukan fi yin hakan fiye da waɗanda tsatsa da datti suka dakushe. Wasu makaɗa suna son wannan amon, suna ganin yana daga cikin muryar Stratocaster. Domin ka tabbatar, ka buɗe murfin baya ka ɗora yatsunka a kan sifirin ɗin sannan ka bugi tsirkiyar. Idan amon ya ɗauke, to su ne. Idan ba ka son sa, ka yanka soso siriri daidai tsawon kowane sifirin ka zura shi a cikin cikinsa, ko ka shimfiɗa ɗan falle na soso a ƙarƙashinsu, amma kada ya yi kaurin da zai shiga tsakanin zobban ya hana su rufewa. Tunda kuma jakinka yana zaune a kan katako, ka tura tsirkiya ta uku gefe iyakar yadda kake yi a kiɗa, kana kallon bayan jakin, idan ka ga ya ɗaga ko kaɗan sai ka ƙara wa kowane sukurun faranti rubu'in juyi.